Kyamarar fim ko ta dijital: wacce za ka saya?

Kafin ka zura hannu a aljihu, fara tambayar kanka wa zai wanke maka fim ɗin. Mutane da yawa sukan ga tsohuwar kyamara ta ƙarfe, fes da ita, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, su saya cikin murna, sai daga baya su gane kuɗin kyamarar shi ne mafi ƙanƙanta a abin da za su kashe. Naɗin fim na 35mm hoto 24 ko 36 yake ɗauka. In ya ƙare ka sayi wani, ka biya kuɗin wanki, ka sake biyan na bugawa a takarda ko na mayar da hotunan cikin kwamfuta. Kowace latsawa da kuɗinta, har wadda ta lalace. Ita kuwa ta dijital a ranar saye take cizo, daga nan sai cajin batir da katin memori da za ka goge ka sake cikawa.

Tsofaffin kyamarori kuma ba duka suka zama ɗaya ba. Wadda George Eastman ya fitar a 1888 da sunan Kodak tana zuwa da fim na hoto 100 a ciki, in ya cika sai a mayar da ita kamfani a wanke, a sa sabo. A 1900 aka fitar da Brownie, ɗan akwatin kwali da ya sa ɗaukar hoto ta shiga hannun kowa. Irin waɗannan suna da daraja wajen mai tara kayan tarihi, amma ban ba mai son ɗaukar hoto shawarar ya fara da su ba. Yawancinsu ba a iya daidaita haske yadda ake so, kuma da dama suna cin girman fim irin 116 ko 620 da manyan kamfanoni suka daina yi tuntuni. Girman da ya rayu har yau shi ne 35mm, wanda Leica ta yaɗa tun 1925, sai kuma 120 mai faɗi. Duk kyamarar da ba ta cin ɗaya daga cikin biyun nan, wahala za ka saya.

In fim ɗin kake so da gaske, nemi kyamarorin shekarun 1970 da na 1980. Pentax K1000 da Nikon FM2 da zallar ƙarfe da sifirin suke aiki, batirinsu na ma'aunin haske ne kawai, ko ya mutu za ka ci gaba da ɗauka. Canon AE-1 ta 1976 kyamara ce mai daɗin aiki, sai dai ba batir ba hoto, kuma in lantarkin cikinta ya lalace gyaransa sai an sha fama. Olympus OM-1 ƙarama ce mara nauyi, amma an ƙera ma'aunin haskenta don wani batir mai sinadarin zaiba (mercury) da aka hana yi, dole sai an yi dabarar madadinsa.

Kada ka biya sai ka buɗe bayanta. Duba soson da ke gefen murfin, wanda ke hana haske shiga. Da shekaru yakan narke ya zama baƙin danƙo, haske ya riƙa satar hanya yana ƙona fim. Canja shi ba wuya, amma dalili ne na neman ragi. Cire gilashin gaba ka haska shi da tocila. Ɗan ƙura ba komai, amma in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, funfuna ce, tana cin fuskar gilashi, bar shi. Sannan ka latsa a kowane mataki na saurin buɗewar ƙofar da haske ke bi ya isa fim, kana saurare, musamman na daƙiƙa ɗaya, domin nan ne tsohon mai da ya daskare yake tona kansa.

Ta dijital ta farko Steven Sasson ne ya haɗa ta a kamfanin Kodak a 1975. Hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta guda ɗaya a kaset. Yau ta wuce fim a kusan duk abin da ake iya aunawa. Babban fifikonta shi ne wurin duhu. Fim da ƙarfin jin haskensa yake zuwa, in ka sa mai ISO 200 to da shi za ka tafi har ya ƙare, ko rana ta faɗi. A dijital kana canja wannan daga hoto zuwa hoto. Ga bidiyo, ga ganin abin da ka ɗauka nan take. Duk wanda hoto sana'arsa ce, ko yake ɗaukar taron da ba za a maimaita ba, ko abin da ke gudu, to ya sayi dijital, ba ni da wata tantama.

Wajen zaɓenta kada yawan megafiksel, wato miliyoyin ƙananan ɗigo da ke haɗa hoto, ya ruɗe ka. Megafiksel 20 zuwa 24 ya isa a buga babban hoton bango. Girman sensa, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, da ingancin gilashi sun fi muhimmanci, don haka gara madaidaiciyar kyamara da gilashi mai kyau da tsadadda mai gilashin banza. In ta hannu ce, nemi sanin sau nawa aka latsa ta, domin tana ajiye wannan lissafi, ka kuma tabbatar ana samun batirinta har yanzu.

To me ya rage wa fim? Abu biyu, kuma ina ɗaukarsu da muhimmanci. Na farko, yana koya wa mutum duba. Wanda ya san hoto 36 kaɗai gare shi yakan tsaya ya karanta haske, ya jira, ya gyara tsayuwa kafin ya latsa, kuma wannan tarbiyya takan bi shi ko ya koma dijital. Na biyu, nagetif, wato fim ɗin da aka wanke, abu ne da ake riƙewa a hannu. Na baƙi da fari, in an wanke shi da kyau an adana a busasshen wuri, yakan haura shekara ɗari. Hotunan dijital kuwa nawa ne suka tafi tare da lalataccen kati ko kwamfutar da ta mutu? Mai dijital dole ya ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla. Nagetif na kala ma yana da haƙuri da yawan haske, fari ba ya saurin ƙonewa. Sai dai ba ya son zafi, sababbin na'urorin binciken kaya a filin jirgi suna iya lalata shi, kuma irin da ka saba da shi yana iya ɓacewa daga kasuwa, kamar yadda aka daina Kodachrome a 2009. Duk da haka bai mutu ba, domin a 2024 Pentax ta fitar da sabuwar kyamarar fim, Pentax 17, mai fitar da hoto 72 daga naɗin 36.

In kuɗinka na guda ɗaya ne, ɗauki dijital. In kana da ita ko wayarka na biya maka buƙata, kuma ka tabbatar da inda za a wanke maka, ƙara da ta fim mai aikin ƙarfe da gilashin 50mm. Yawancin gilasan wancan zamani suna hawa kan kyamarorin dijital na zamani marasa madubi a ciki da ɗan zoben haɗi, sai dai da hannu za ka riƙa saita su.