Dutsen washi mai fuska biyu: yadda na same shi bayan ya zaga majalisarmu

Dutsen washin da nake sharhi a kansa irin na kanti ne wanda ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, mai fuska biyu, ɗaya shuɗiya ɗaya fara, an buga lamba 1000 a gefen shuɗiyar, an buga 6000 a gefen farar. A cikin kwalinsa akwai mazaunin gora, da robar da ke hana shi zamewa, da ɗan guntun dutse na daidaita fuskarsa idan ta lotsa, da kuma wata 'yar roba da ake maƙalawa a bayan wuƙa domin ta tsayar da ita a karkace iri ɗaya. Na saye shi ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah a wani shagon kayan girki da ke kasuwar Sabon Gari a Kano, a kan kuɗin da bai kai na kilo biyu na nama ba. Tun daga lokacin ya ga damina ya ga hunturu, ya kuma shiga hannun kusan duk wanda ke zama a majalisarmu ta ƙofar gida. Hukuncina shi ne ya cancanci kuɗinsa ga mai son wuƙar girki mai kaifi, amma wanda ya saye shi da niyyar ya daina zuwa wurin maƙeri, to ya shirya jin haushi.

Abin da ya kai ni ga sayensa shi ne yadda injin washi ke cin wuƙa. Idan Sallah ta matso, layi ake yi a gaban masu injin, su kuma saboda sauri sai su danna bakin wuƙar a kan dutsen da ke juyawa har tartsatsi ya tashi, wani lokaci ma ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi a baki. Wannan launin alama ce ta cewa zafi ya rage wa ƙarfen taurin da maƙeri ya ba shi lokacin da ya tsoma shi a ruwa, shi ya sa wuƙar kan dawo gida da kaifi kamar aska, amma kafin a gama fiɗar rago ɗaya ta dakushe. Ga mai yin layya kuwa kaifin wuƙa ba ado ba ne, domin hadisin Shaddad ɗan Aus, wanda yake na 17 a cikin Arba'una Hadisi, ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa.

Lambobin da ke jikin dutsen suna nuna laushin ƙwayoyinsa ne, gwargwadon girman lamba gwargwadon laushi. Dutse mai lamba 200 zuwa 400 shi ke gyara bakin da ya yi giɓi, mai 1000 shi ke fitar da kaifi a wuƙar da ta dakushe kawai, daga 3000 zuwa sama kuma aikinsa goge bakin ya yi santsi. Wannan ba dutse ba ne da aka faso daga tsauni, garin wani sinadari mai tauri ne aka cure aka gasa, saboda haka yana shan ruwa sosai. Sai an jiƙa shi a roba na kamar minti goma, har kumfar da ke fitowa daga jikinsa ta tsaya, kafin a ɗora masa wuƙa, kuma ba a zuba masa mai ko kaɗan, domin mai yana toshe ƙofofinsa ya daina cin ƙarfe.

Fuskar 1000 ita ce ta fanshi dutsen. Ana kwantar da wuƙar a karkace, kimanin digiri 15 zuwa 20 ga wuƙar girki, a ɗora yatsu biyu ko uku na hannun hagu a kusa da bakin, a tura gaba a dawo a hankali, ana yi ana yayyafa ruwa. Nan da nan wani taɓo mai ruwan toka zai taru a kai, kuma bai kamata a wanke shi ba, domin da shi ake washin. Yadda ake gane gefe ɗaya ya yi shi ne a shafa babban yatsa daga bayan wuƙar zuwa bakinta ta ɗaya gefen, za a ji wani siririn leɓen ƙarfe ya lanƙwaso yana kartar fata tun daga gindi har tsini. Idan an ji shi sai a juya wuƙar a yi wa ɗaya gefen haka, daga ƙarshe a goga ta a bayan tsohuwar ɗamarar fata, yadda wanzamai ke yi wa aska, har leɓen ya fita. Wuƙar maƙera ta baƙin ƙarfe ba ta ba ni wahala ko kaɗan, takan ɗauki kaifin da zai ratsa nunannen tumatir ba tare da ya matse ba. Wuƙaƙen kanti masu farin ƙarfe, musamman masu arha, su ne masu taurin kai, domin leɓen nasu yakan yi ta kaɗawa daga wannan gefe zuwa wancan ya ƙi yankewa.

Aibinsa na farko shi ne laushin jiki. Bai daɗe ba tsakiyar fuskar shuɗiyar ta lotsa, guntun dutsen da aka haɗo da shi kuwa ya yi ƙanƙanta da aikin. Abin da ya yi mini magani shi ne na zana layuka da fensir a fuskar dutsen, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa a kan tayil, na yi ta goga shi har layukan suka ɓace baki ɗaya. Farar fuskar kuma, ko da yake tana ƙara santsi, a ganina ba ta kai laushin lambar da aka buga mata ba, kuma wuƙar yanka albasa da nama ba ta ma buƙatar ta sosai. 'Yar robar nan ta tsayar da wuƙa tana taimakon mai koyo, amma tana kartar jikin wuƙa, kuma ba ta zama a kan ƙananan wuƙaƙe. Na ajiye ta tuni.

Shigarsa majalisa ba shiri aka yi ba. Hirarmu ta bayan sallar isha'i dama ba ta wuce tsadar gas da gawayi, da yashe kwata kafin ruwa ya sauka, da famfon da ke ɗiga, da ƙorafin iyali kan wuƙar da ba ta yanka ko kuɓewa. Da na fito da dutsen wani dare domin maiɗakina ta ce ƙarar gogar na hana yara barci, sai washegari kowa ya zo da abin da ke damunsa a naɗe cikin tsumma. A nan ne iyakarsa ta fito fili. Wani malamin makaranta daga cikinmu ya kawo adda mai giɓi uku da fartanyar da yake nome bayan gida da ita, muka ga cewa ko za a kwana ana gogawa fuskar 1000 ba za ta cinye giɓin ba, sai dai addar ta cinye dutsen. Irin waɗannan kayan magagari suke so, ko dutse mai kaushi, kuma bakinsu ya fi son kauri, wajen digiri 25 zuwa 30, domin sara suke yi ba yanka ba. Lauje kuwa lanƙwasarsa ba ta ma barin ya kwanta a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Mahaucin da ke cikinmu ya ɗaga dutsen ya juya shi, ya ce: “Malam, wannan ai na 'yan boko ne, ni da zan tsaya jiƙa dutse minti goma da kasuwa ta tashi ta bar ni.” Gaskiya ya faɗa a kan sana'arsa, ko da yake daga baya shi ya fi kowa aron sa idan zai gyara wuƙar fiɗa a gida.

Gardamar da ta fi daɗewa a tsakaninmu ita ce ta man da za a shafa wa ƙarfe don tsatsa. Masu baƙin man inji suna da hujja a kan fartanya da gatari, amma ban yarda a kusantar da shi ga wuƙar da za ta taɓa abinci ba. Man gyaɗa yana aiki idan wuƙar kullum ana amfani da ita ana wankewa, sai dai idan aka ajiye ta da shi wata da watanni yakan yi danƙo ya canza wari. Abin da ya fi kowane mai shi ne a goge wuƙa ta bushe da zarar an wanke ta, kada a bar ta a cikin kwanukan wanke-wanke, kada kuma a mayar da ita kube da damshi.

Akwai wani amfani da na samu a dutsen nan wanda ba a rubuta a kwalinsa ba, kuma ina ganin ya dace ya shiga sharhi. Telan da ke cikinmu, mutum mai barkwanci, ya yi sanyi bayan Sallah lokacin da ɗinki ya ja baya. Idan aka tambaye shi sai ya ce “Sai godiya,” ko kuma “Jikin ne dai ba daɗi,” ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma a al'adarmu magidanci ba ya zama a gaban abokai ya ce ransa a ƙuntace yake. Abin da ya tona shi almakashinsa ne. Mutumin da a da ba ya barin kowa ya yanka ko takarda da shi, sai ga shi ya kawo shi da tsatsa a mahaɗa, yana tauna yadi maimakon yankawa. Ɗayanmu ya ce masa: “Mutumina, zauna ka gyara abinka da hannunka, mu ba mu san kansa ba.” Almakashi ba a wasa shi kamar wuƙa, gefen waje mai gangara kaɗai ake gogawa, a bar fuskar ciki yadda take, in ba haka ba bakunan biyu su daina haɗuwa. Yana sunkuye yana wannan aiki, idonsa a kan dutse ba a kan fuskokinmu ba, ya fara magana kan kuɗin hayar shago, da kuɗin makarantar yara, da yadda barci ke ƙaurace masa tun daga tsakar dare. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Malamin makaranta ya karɓi maganar mai shagon a hannunsa, mahauci kuma ya aiko da yadin 'ya'yansa washegari.

Na lura da irin wannan a kaina ma. A ranakun da kasala ta rufe ni, na rasa abin da ke mini daɗi, wasa wuƙa ɗaya aiki ne ɗan ƙarami mai farko da ƙarshe, wanda ake ganin sakamakonsa nan take, kuma sau da yawa idan na gama shi nakan sami ƙarfin tashi in taɓa wani abu a gidan. Likitocin ƙwaƙwalwa ma suna ba masu damuwa shawarar komawa ga ƙananan ayyuka da cuɗanya da mutane. Sai dai ba zan yi wa dutse ƙarya in ce magani ne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bambanta ɓacin rai na yau da gobe da ciwon damuwa, wanda ke zaunar wa mutum da ƙunci ko rashin sha'awar komai kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da cin abinci. Wanda ya kai wannan matsayi asibiti ya kamata abokai su raka shi, kuma idan har ya fara furta cewa ya gaji da rayuwa, to ba a jira, ba a kuma bar masa kayan kaifi a kusa. Telanmu bai kai can ba, da aiki ya dawo shi ma ya dawo, har ya koma hana mu taɓa almakashin.

Ta fuskar ajiya, dutsen yana son kulawa fiye da yadda wanda ya sayar mini da shi ya gaya mini. Da damina mazaunin goran yakan yi baƙin funfuna idan aka mayar da dutsen kansa a jiƙe, don haka nakan jingine su daban-daban a inuwa su sha iska. Da hunturu kuma ba na barin sa a rana ko a bakin iska, saboda bushewar gaggawa tana iya tsaga irin wannan dutse, kamar yadda take busar da ƙotar gatari har ta yi sako-sako. Aro ma yana rage masa kwana, domin kowa tsakiyar yake dannawa, shi ya sa yanzu sharaɗin majalisa shi ne duk wanda ya ɗauka ya daidaita fuskar kafin ya dawo da shi.

Ga uwargida ko magidancin da ke da wuƙaƙen girki biyu zuwa uku da almakashi, ina ba da shawarar a saya, amma idan aka sami mai lamba 400 da 1000 a kasuwa, ya fi wannan mai 1000 da 6000 amfani a gidajenmu, inda wuƙa kan haɗu da ƙashi da daskararren kifi. Addar malamin makaranta da fartanyarsa kuwa mun kai su maƙera, inda aka sa su a wuta aka buɗe musu baki, aka kuma sake wa fartanyar ƙota.