Babin Ma'anar Kalmomi na Dokokin Wasan Takobi: Inda Ya Amfane Ni da Inda Ya Tsaya

Wata biyar ke nan da na fara koyon wasan takobi irin wanda ake fafatawa a gasar Olamfik, a wani ƙaramin kulob da ke Alƙahira inda nake karatu. Ciwon cinya da na gwiwa na makonnin farko ya tafi da kansa, amma matsalar harshe ta daɗe tana bina, domin mai horar da mu, wanda kowa ke kira Kaftin kamar yadda Misirawa suke kiran masu horarwa, yana yin bayani ne da Larabcin Masar, sai dai duk inda ya zo kan sunan wani motsi ko hukunci, kalmar Faransanci ce take fitowa daga bakinsa. Wannan ya sa na nemi wani abin dogaro da zai warware mini kalmomin, har na dace da babin ma'anar kalmomi da ke farkon littafin dokokin fasaha na Hukumar Wasan Takobi ta Duniya, wadda aka fi sani da FIE. A kansa nake son yin bayani, don amfanin wanda yake shirin shiga wannan wasa ko yake son ya riƙa kallonsa da fahimta.

An kafa hukumar a birnin Faris a shekarar 1913, hedikwatarta kuma a yanzu tana Lozan ta ƙasar Suwizalan. Faransanci ne harshenta na hukuma, tana kuma aiki da Ingilishi da Sifaniyanci, shi ya sa ake samun dokokin a waɗannan harsuna, kyauta, ga duk mai son saukewa a wayarsa. Dokokin sun kasu littafi-littafi, akwai na fasahar wasa, akwai na shirya gasa, akwai na kayan wasa, kuma babin da nake magana a kai 'yan shafuka ne kawai a cikin na fasaha. Ni na buga shafukan a takarda na ninke su a aljihun jakar kayana, domin hannun da ke cikin safar wasa, ga gumi, ba ya jin daɗin laluben waya.

Abin da ya kai ni ga babin wani ƙaramin karo ne da na yi a mako na shida da takobin da Faransawa ke kira fleuret, wanda kunnen Bahaushe zai ji kamar fulure. Ina gefen hagu, abokin karawata yana dama. Na miƙa hannu na kai suka, sai ya buge takobina gefe, ni kuwa ban janye ba, na sake dannawa har tsinin ya taɓa ƙirjinsa, a daidai lokacin da nasa ya taɓa nawa. Fitilu biyu suka kama, ja da kore. Kaftin, wanda shi ne alƙali a ranar, ya ce "Halte", sannan ya jero kalmomi yana nuni da hannuwansa: "Attaque, parade, riposte, touche", wato hari, tarewa, ramuwa, an taɓa, ya ɗaga hannu wajen abokin karawata. Na cire hular kariya na ce, "Kaftin, ai fitilata ma ta kama." Ya amsa mini cewa fitila shaida ce kawai ta an taɓa, amma wanda ya cancanci maki sai an duba yadda maganar ta gudana tsakanin takubban biyu. Da daddare na buɗe babin, na bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, na ga abin da ya faru da ni a rubuce ƙarara.

Babin ya bayyana hari a matsayin farmakin farko da ake yi ta hanyar miƙa hannu tare da ci gaba da yi wa jikin abokin karawa barazana da makami, kafin a kai ga tsalle ko miƙa ƙafa. Ya bayyana tarewa a matsayin kare kai da takobi don hana farmaki isowa, ramuwa kuma ita ce farmakin wanda ya tare. Da zarar an tare harin da na kai, haƙƙin cin maki da nake da shi ya koma hannun wanda ya tare, muddin ya rama nan take. Sukar da na sake yi ba tare da janye hannu ba tana da sunanta daban, remise, kuma ba ta cin maki a kan ramuwar da aka yi kai-tsaye babu jinkiri. Wannan shi ne babban amfanin babin a wurina: ya nuna mini cewa abin da nake gani kamar hargitsi na daƙiƙa guda, jimla ce mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma alƙali karanta ta yake yi da babbar murya. Su kansu Faransawa phrase d'armes suke kiran wannan musayar, wato jimlar makamai.

Inda babin ya fi nuna gwanintarsa shi ne wajen raba kalmomin da suke kama da juna. Akwai hanyoyi uku na sabunta farmaki waɗanda sabon shiga zai ɗauka abu ɗaya ne. Na farko shi ne wanda na ambata, sake suka nan take ba tare da lanƙwasa hannu ba, bayan abokin karawa ya tare amma ya saki takobi bai rama ba, ko ya yi jinkirin ramawa. Na biyu, redoublement, sabon motsi ne da ake yi a kan wanda ya tare bai rama ba ko ya ja da baya kawai ya kauce. Na uku, reprise, sabon hari ne da ake kaiwa bayan an koma tsayuwar shiri. Na shafe kusan mako biyu ina karanta waɗannan layuka uku, ina zuwa kulob ina kallon manya suna karawa, ina ƙoƙarin sa wa kowane motsi sunansa a zuciyata kafin alƙali ya furta. Ranar da na fara dacewa da shi sau uku a jere, daga ranar kallon wasan ya canza mini gaba ɗaya. Haka nan babin ya raba hari mai motsi ɗaya da mai motsi da yawa, ya raba wanda ya tafi kai-tsaye da wanda ya sauya layi, ko dai ta zagaya ƙarƙashin takobin abokin karawa ko ta tsallake saman tsininsa. Ya kuma bayyana matsayin nan na miƙe hannu sambal da tsini yana fuskantar jikin mai tahowa, wanda idan an kafa shi kafin hari ya fara, dole ne mai harin ya kawar da takobin tukuna.

Akwai kalma ɗaya da nake ganin ita ce mabuɗin sauran, kuma bayaninta bai wuce layi guda ba, wato lokacin wasan takobi. Babin ya ce shi ne tsawon lokacin da ake buƙata don aiwatar da motsi guda mai sauƙi. Ba a auna shi da agogo, domin ya danganta ga saurin 'yan wasan da ke fage, amma da shi alƙali yake yanke hukunci a kan ko sukar da aka yi don katse hari ta riga motsin ƙarshe na harin da isasshen tazara. A karatun farko na wuce wannan layi ban ba shi muhimmanci ba, sai daga baya na lura cewa rabin gardamar da ake yi a gefen fage a kansa ake yin ta.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa nauyin waɗannan kalmomi ya bambanta gwargwadon makamin da mutum ya zaɓa, domin makaman uku ne. A fulure suka kawai ake yi da tsini, kuma gangar jiki ce kaɗai wurin cin maki, ban da hannu da ƙafa. A sabre ana yin sara da suka duka, a ko'ina daga ƙugu zuwa sama har da kai, ban da tafin hannu. Waɗannan biyu su ne ake bin ƙa'idar fifikon hari a cikinsu, don haka wanda bai san kalmomin ba zai riƙa rasa maki bai san dalili ba. A épée kuwa, wanda ake furtawa kamar efe, dukkan jiki abin suka ne daga kai har yatsan ƙafa, babu fifiko, kuma idan sukar biyu ta sauka cikin kusan kashi 1 cikin 25 na daƙiƙa, kowa ya samu maki. Shi ne mafi nauyi, yana iya kai wa giram 770, alhali sauran biyun ba su wuce giram 500 ba. Mai koyon efe zai iya daɗewa yana wasa ba tare da ya matsu da babin ba, ko da yake zai buƙace shi don fahimtar darasin mai horarwa.

Sai dai babin yana da iyaka, kuma shi da kansa ya faɗi haka, domin ya yi gargaɗin cewa ba ya maye gurbin littafin koyar da wasa, an sa shi ne don a fahimci dokoki. Wannan gaskiya ce da na tabbatar. Ba zai koya maka yadda ake tsayuwar shiri ba, ko yadda ake taku gaba da baya a kan fagen nan mai tsawon mita 14, ko yadda ake jefa ƙafar gaba a miƙe ta baya lokacin suka. Ya ambaci irin waɗannan motsi ne kamar kowa ya riga ya san su. Haka kuma matsayin tarewa guda takwas da mai horarwa yake kira kullum, daga prime da seconde da tierce da quarte har zuwa quinte da sixte da septime da octave, a bakin Kaftin na koye su, yana riƙe da wuyan hannuna yana juya shi har sai tafin ya fuskanci inda ya dace. Da a ce an haɗa bayanin kowane motsi da zane, da sabon shiga ya fi samun sauƙi. Akwai dai zane-zanen alamomin hannu na alƙali a wani sashe na littafin, kuma ina ba da shawarar a haɗa su da babin a karanta tare, domin a babban ɗakin gasa hayaniya takan danne murya, hannun alƙali kaɗai ake gani.

Salon rubutun ma salon doka ne, jimloli a ƙulle, kowace tana jingina da wata a can gaba. Wanda Ingilishinsa ko Faransancinsa bai yi ƙarfi ba zai sha wahala. Ni na samu taimakon wani ɗan'uwa daga Damagaram da muke zama gida ɗaya, wanda bai taɓa riƙe takobin wasa ba amma ya yi karatunsa da Faransanci. Shi ya ganar da ni cewa sunayen tarewar nan takwas ƙidaya ce kawai ta tsohon salo, na farko, na biyu, har na takwas, kuma umarnin alƙali na "En garde", "Êtes-vous prêts?" da "Allez" ba komai ba ne illa ku tsaya cikin shiri, kun shirya, ku fara. Ya ce da ni, "Ɗan'uwa, ai rabin abin nan maganar yau da kullum ce." A nan 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suna da rinjaye a kanmu 'yan Najeriya, domin kalmomin ba baƙi ba ne a kunnensu.

A gefen takardata na riƙa rubuta Hausar kowace kalma, kuma na yi mamakin yadda harshenmu ya wadatu a wannan fanni. Muna da hari da farmaki, muna da tarewa da kaucewa da gocewa, muna da ramuwa, muna da bambancin sara da suka wanda shi ne ainihin abin da ya raba sabre da sauran biyun, muna da tsini da kaifi. Inda na rasa kalma guda shi ne wajen ƙananan rabe-raben sabunta hari, sai na bar su da sunayensu na asali na rubuta bayani a ƙasa. Ina ganin hakan ya fi, tun da a fagen gasa da waɗancan sunayen za a yi hukunci, ko a Alƙahira ne ko a Legas, wadda ta karɓi baƙuncin gasar zakarun Afirka a 2025.

Da wannan takarda a hannu na koma na sake kallon wasannin 'yan Afirka da suka ci lambobi a Olamfik, a wasan da bai taɓa fita daga gasar ba tun 1896. Na kalli karawar Alaaeldin Abouelkassem na Masar, wanda ya ci azurfa a fulure a Landan a 2012, da ta Inès Boubakri ta Tunisiya, wadda ta ci tagulla a Riyo a 2016, da ta Farès Ferjani na Tunisiya, wanda ya ci azurfa a sabre a Faris a 2024, shekarar da Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagulla a efe. A wasan sabre musamman, inda kusan kowane karo fitilu biyu ke kamawa, nakan tsayar da bidiyon, in faɗi hukuncina, sannan in saki in ji na alƙali. Har yanzu ina yin kuskure da yawa a kan wanda ya riga fara hari, domin wannan idon sai an daɗe ana kallo yake buɗewa.

Ga wanda zai fara, shawarata ita ce ya sauke sabon bugu na dokokin, domin hukumar tana yi musu gyara lokaci-lokaci, ya buga shafukan babin da na alamomin alƙali, ya karanta su bayan ya yi kamar wata guda yana zuwa horo, lokacin da jikinsa ya riga ya ɗanɗana motsin da kalmomin suke nufi. Wanda ya karanta kafin ya riƙe takobi zai ga bayanin a bushe, kamar yadda na tabbata da ni ma zan gan shi da ban yi wancan karo na mako na shida ba. Takardata yanzu ta yi laushi saboda gumi da yawan ninkewa, kuma a makon jiya wani yaro ɗan Sudan da ya shigo kulob ɗin ya ara ya je ya yi kwafinta.