Gargaɗi ga matafiya a jirgin ruwan shaƙatawa: kada ku sayi gurbin rangadi a hannun wanda ba ku sani ba

Jama'a, duk wanda ya biya kuɗin tafiya a manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido, ko yake shirin biya, don Allah ya tsaya ya karanta wannan. Akwai damfarar da ta samu gindin zama a kan rangadin da fasinjoji ke fita idan jirgi ya tsaya a tasha. Masu faɗawa cikinta mutane ne da suka daɗe suna tara kuɗin tafiyar, suka buɗe manhajar kamfanin jirgi, suka tarar rangadin da suka ƙwallafa rai a kai ya cika. A daidai wannan tashin hankalin ake kama su.

Cikar ba ƙarya ba ce. Manyan jiragen yanzu suna ɗaukar fasinja sama da 5,000, kuma a yawancin tashoshi awoyi kaɗan suke yi. Jirgi mai saukar ungulu da ke kai mutane kan dusar ƙanƙarar Mendenhall a garin Juno na Alaska kujerunsa 'yan kaɗan ne. Jirgin ƙasan White Pass da ke tashi daga garin Skagway, shi ma a Alaska, da na Flam a ƙasar Norwe, kowanne yana da iya adadin da zai ɗauka. Wuraren tarihin ma sun fara ƙayyade masu shiga: Akrofolis ta birnin Atina ta tsaya a mutum 20,000 a rana tun 2023, Pompei a Italiya ta bi sahu da adadi iri ɗaya a 2024. To tun watanni kafin tafiya guraben suke ƙarewa.

Kusan kowace tafiya tana da zaurenta a Facebook ko WhatsApp, inda fasinjojin da za su tashi rana ɗaya ke gaisawa suna musayar shawara. Ɗan damfara zai shiga kamar kowa, ya sa hoton jirgin, har ya yi ta murnar tafiyar tare da ku. Ranar da kika rubuta cewa kin rasa gurbi ke da maigidanki, ba za a daɗe ba saƙo zai shigo miki ta bayan fage. Mace ce, wai mijinta ya kwanta rashin lafiya sun fasa fita, tana da tikiti biyu, za ta bar miki a rabin kuɗi. Za ta turo hoton takardar shaida mai tambarin kamfanin, da sunan jirgin, da kwanan wata daidai. Sai ta ƙara da cewa akwai wasu mutum biyu da ke jira, idan ba ki tura kuɗi yau ba za ta ba su. Wani kuma zai zo a matsayin wakilin tafiye-tafiye da aka ware wa gurabe na musamman, ko ya ce yana da ɗan uwa cikin ma'aikatan jirgin da zai cusa sunanka.

Ga abin da nake so ya zauna a zuciyar kowa: rangadin da kamfanin jirgi ya sayar yana ɗaure ne da sunan fasinja da lambar ɗakinsa. Wanda ya fasa da gaske, cikin wa'adi, soke shi yake yi kamfani ya mayar masa da kuɗinsa, gurbin ya koma hannun kamfani. Me zai sa mutum ya sayar a rabin kuɗi abin da zai iya karɓar cikakken kuɗinsa? Idan ma wa'adin sokewa ya wuce, canjin suna a teburin rangadi na cikin jirgi ake neman sa, ku biyu a tsaye gaban ma'aikaci. Hoton takarda kuwa kowa na iya gyara shi cikin minti biyar.

Hanyar biyan kuɗin ita ke tona asirinsu. Ba za su taɓa yarda da katin kiredit ta shafin kamfani ba, domin can kana iya kai ƙara banki a dawo maka da kuɗinka. Za su ce ka tura ta Western Union, ko kuɗin kirifto, ko ka sayi katin kyauta ka karanto musu lambar, ko ka bi ta PayPal amma ka zaɓi sashen 'yan uwa da abokai, wanda ba shi da kariyar mai saye. Kuɗin da ya fita ta waɗannan ƙofofi da wuya ya dawo.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai neman lambar rajistar tafiyarka, da sunan mahaifi, da ranar haihuwa, wai don ya saka ka a jeri. Da waɗannan ana iya kutsawa cikin rajistarka, ko a kira ka daga baya da sunan kamfani a ce akwai ragowar kuɗin da ba ka biya ba. Saboda haka ma kada ku riƙa sa hoton takardar shiga jirgi a zaure don murna.

Akwai kuma waɗanda ke da motar gaske da direban gaske, amma suna yi maka ƙaryar cewa suna aiki tare da jirgin, jirgi ba zai tafi ya bar ka ba. Wannan ƙarya tana da tsada. Rangadin da aka saya a hannun kamfanin jirgi ne kawai ake jira idan ya makara, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Ka ɗauki wanda ya sauka a tashar Chibitabekiya ta Italiya ya nufi Roma, tafiyar sama da awa ɗaya a mota. Cunkoso ya riƙe su a hanyar dawowa, ya iso bakin ruwa ya tarar an janye matakala, jirgi ya ja baya, kayansa da magungunansa suna ɗaki. Otal, da tikitin jirgin sama, da matsalar biza idan tasha ta gaba wata ƙasa ce, duk a wuyansa. A tuna kuma ana rufe shiga kusan minti 30 kafin tashi, kuma agogon jirgi a wasu tashoshin yakan bambanta da na gari.

Kada kowa ya fid da rai don ya ga an rubuta rangadi ya cika. Mutane suna sokewa kullum, musamman ana gab da tafiya, kuma kamfani yakan ƙara mota ko ƙarin lokaci idan ya ga masu nema sun yi yawa. Riƙa leƙa manhajar safe da yamma. Ranar da ka shiga jirgi, kafin ka nemi abinci, wuce teburin rangadi ka sa sunanka a jerin masu jira. Da safiyar ranar ma je wurin taruwa, domin akan samu wanda bai fito ba. Idan duk bai yiwu ba, akwai kamfanoni masu zaman kansu na halak, wasu a shafuka irin su Viator da GetYourGuide. Ka biya da kati a kan shafin, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan jirgi ya fasa tsayawa a tashar, ka zaɓi wanda zai dawo da kai awa biyu kafin lokaci, kuma ka fita da lambar wakilin jirgin a tashar, wadda ake bugawa a takardar shirin kowace rana.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yanzu, kada ya jira gobe. Ya ɗauki hoton duk hirar kafin a goge ta, ya sanar da masu kula da zauren don su cire mutumin, domin ba kai kaɗai ya tura wa saƙon ba. Idan ka ba da lambar rajistarka, kira kamfanin jirgin ta lambar da ke kan takardarka ta asali, ka canja kalmar sirri, ka nemi su duba ko an taɓa wani abu. Idan kuma wani ya ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗin idan ka biya shi wani abu, kada ka saurare shi, sau da yawa su ɗin ne suka dawo da sabon suna.