Sharhi a kan man ACF-50 da ɓarewar kurom ɗin babur a hunturun Ingila

Hunturun da muka sani a ƙasar Hausa busasshe ne, yana fasa leɓe da dunduniya amma ba ya sa ƙarfe tsatsa. A arewacin Ingila, inda nake zaune, sanyin da laima yake zuwa, kuma daga wajen Nuwamba zuwa Maris hukumomi suna watsa gishiri a kan tituna domin kada ƙanƙara ta kama su. Kaso mai yawa na wannan gishirin daga mahaƙar Winsford da ke yankin Cheshire ake tono shi, kuma shi ne babban abokin gabar duk wani ƙarfe mai ƙyalli da ke jikin babur. Dalilin da ya sa na sayi man hana tsatsa na ACF-50 ke nan, bayan na ga rufin kurom, wato rufin ƙarfe mai ƙyallin nan, ya fara ɓarewa a ƙasan salansa da kuma bakin rim ɗin ƙafar baya, kuma na yi amfani da shi wajen ajiye babur ɗina tsawon hunturun da ya wuce.

Kafin a yi wa man adalci, dole a fahimci yadda kurom yake ɓarewa. Ƙyallin da ido yake gani ba shi ne yake kare ƙarfen ba. Ana fara rufe baƙin ƙarfe da wani farin ƙarfe da ake kira nikel, wani lokaci a sa jan ƙarfe a ƙarƙashinsa, sannan a ɗora kurom a sama, wanda kaurinsa bai kai mikron 1 ba, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Wannan siririn rufi yana da ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kuma da zarar ruwan gishiri ya ratsa ta cikinsu ya cinye nikel ɗin ya taɓa baƙin ƙarfe, sai tsatsa ta fara daga ƙasa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka tana ture rufin sama har ya yi bororo, daga nan ya fashe. A salansata, idan na sa farce a bakin bororon, sai ɓawon ya ɗago kamar ɓawon albasa, mai kaifi a gefe, ƙarƙashinsa kuma jan gari ne mai danshi. Duk wurin da ya kai wannan matsayi ya riga ya tafi, babu wani mai da zai mayar da shi.

Kamfanin Lear Chemical na ƙasar Kanada ne yake yin ACF-50, kuma asali domin jiragen sama aka yi shi, daga baya masu babura suka karɓe shi. Ruwa ne mai ɗan kauri, launinsa ya karkata zuwa shunayya, kuma aikinsa shi ne ya kutsa cikin tsagu da mahaɗar ƙarfe ya kori laima, sannan ya bar wani siririn maiƙo da ba ya bushewa. Masu yin sa sun ce shafawa ɗaya tana iya kaiwa wata 12, gwargwadon yanayin da abin yake ciki.

Na fara da wanke babur ɗin da ruwan sanyi, domin ruwan ɗumi yana ƙara wa gishiri ƙarfin cin ƙarfe, na bar shi ya bushe sarai har cikin lunguna. Ɗigon tsatsar da ke saman kurom mai lafiya na goge shi da takardar alminiyom da ake naɗe abinci da ita, bayan na jiƙa ta da ruwa, saboda ta fi kurom laushi kuma ba ta karce shi. Wurin da ya ɓare kuwa na kankare ɓawon da ya saki, na goge tsatsar, na rufe shi da fenti mai jure zafi. Sai da na gama wannan duka na ɗauko man. Na tsoma gwangwanin cikin ruwan ɗumi don man ya tsinke, na fesa kaɗan a tsumma mai laushi, na bi kowane ƙarfe da shi. Birki da tayoyi na rufe su tun farko, domin maiƙo a waɗannan wurare haɗari ne ga rai. Na fi ba da ƙarfi a sandunan shokin gaba, saboda ramin tsatsa ɗaya a jikinsu ya isa ya yaga robar da ke tare mai, shokin ya fara yoyo.

Da bazara ta shigo na yaye yadin da na rufe babur ɗin da shi, abin da na gani ya gamsar da ni. Bakin wurin da ya ɓare a rim yana nan inda na bar shi, bai ci gaba ko kaɗan ba, kuma kan notuna da wayoyin ƙafa, waɗanda su ne suke fara yin ja, duk suna nan fes. Maiƙon ya kama ƙura, kamar yadda kowane maiƙo yake yi, amma tsumma ɗaya ya ɗauke shi, ƙyallin ya fito. Da na tayar da injin salansa ta yi hayaƙi na ɗan lokaci har man da ke jikinta ya ƙone, wanda ke nuna cewa ga mai hawa babur cikin hunturu, sassan da suke yin zafi suna buƙatar a riƙa sake shafa musu.

Sai dai ba zan jingina nasarar ga man shi kaɗai ba, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Garejina ba shi da na'urar ɗumama ɗaki, kuma a irin wannan wuri idan iska mai ɗumi da laima ta biyo bayan dare mai tsananin sanyi, raɓa tana kwanciya a jikin ƙarfe ko da ruwan sama bai taɓa shi ba. Tampol na roba yana kulle wannan raɓar ne a ciki, shi ya sa na rufe babur ɗin da yadi mai shan iska, na shimfiɗa katako tsakanin tayoyin da simintin ƙasa. Ban kuma riƙa tayar da injin na 'yan mintuna ba, domin hakan yana tara ruwa a cikin salansa, ta fara ruɓewa daga ciki inda hannu ba ya kaiwa.

Man ya fi na feshi da aka saba da su tsada, amma kaɗan ake amfani da shi, kuma idan aka kwatanta da kuɗin sake rufe ƙarfe da kurom, tsadar ba ta taka kara ta karya ba. Sake rufin aiki ne da sai an kwance sashen, an cire tsohon rufin gaba ɗaya, an goge ramukan tsatsa, sannan a sake ɗora kowane rufi, ga kuma tsauraran dokoki a Turai a kan sinadarin da ake aikin da shi saboda illarsa ga lafiya. Da na tambayi farashin yi wa salansa wannan aikin, sai na ga ya kusa kuɗin sabuwa, saboda haka na bar ta da fentinta, rim ɗin kuma zan ci gaba da shafa masa man kafin a fara watsa gishiri a watan Nuwamba mai zuwa.