Fetur da ashana ko tankin harba iska: wanne zai zaunar da tayar tifa?

Ɗan'uwa, ka ce sabuwar tayar tifarka mai shiga daji ɗibar yashi ta ƙi zama a rim, tubles ce, kana ba ta iska tana zurarewa ta gefe. Wani ya ce a watsa fetur a ƙyasta ashana, wani ya ce a nemi tankin harba iska.

Aiki ɗaya suke yi: su bugi leɓen tayar, wato bakinta da ke kama rim, lokaci guda ya manne da ƙarfe, sannan kwamfresa ta ƙarasa. Inda suka rabu shi ne awo. Tankin nan yana da geji, kai ka san iskar da ka ɗura masa, ka saita bakinsa a tsagar da ke tsakanin taya da rim, ka buɗe. In ba ta kama ba ka sake.

Wuta kuwa ba ta da geji. Fetur ya yi kaɗan, tayar ba ta zauna ba. Ya yi yawa, sai ta yi tsalle da rim ɗin, ko wayar da ke cikin leɓen ta tsinke ba ka gani ba. Ko ta zauna, da iskar ciki ta huce sai tayar ta tsuke ta sake saki, shi ya sa kake ganin yaran shago na rige-rigen maƙala tiyo wutar ba ta gama mutuwa ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, zafi kan ci gaba da cin robar ta ciki a ɓoye, ta fashe bayan kowa ya ɗauka an gama. Arhar wutar ce kawai abin yabo.

Ni tanki zan ce maka. Amma kafin shi, kankare tsatsar rim, shafa ruwan sabulu a leɓen biyu, cire ƙwayar bawul don iska ta shiga da yawa, ka ɗaure tsakiyar tayar da bel ɗin ɗaure kaya. Sau da yawa wannan ma ya isa. Tana kamawa ka sassauta bel ɗin.

Masu ƙera taya sun ce kada iska ta wuce fam 40 (PSI) a geji wajen zaunar da leɓe. In ka kai nan ba ta zauna ba, sace iskar ka sake gyara ta. Ka yi da doguwar tiyo, ka tsaya nesa, ba ta gefen da rim ke kallo ba. In kuma rim ɗinka mai zobe ne, kada a ba shi iska sai cikin kejin ƙarfe.