Gargaɗi kan masu tallar askar “Solingen” ta bogi a intanet

Ina jan hankalin 'yan'uwa, musamman matasan da ke sha'awar fara yin gyaran fuska da aska irin ta wanzamai, game da wani mai talla a Facebook da WhatsApp da ke sayar da abin da ya kira cikakken kayan mai koyo: aska, fatar goge ta, dutsen wasawa, buroshi da sabulu. Yana iƙirarin cewa askar ƙirar Solingen ce ta ƙasar Jamus, sannan ba ya aika kaya sai an tura masa kuɗin gaba ɗaya. Ƙanena ya tura, kuma abin da ya iso hannunsa bai yi kama da hoton da aka nuna masa ba.

Solingen gari ne da ya shahara da ƙera wuƙaƙe, almakashi da asake tun ƙarnoni da suka wuce, har dokar Jamus ta hana a buga sunansa a kan kayan da ba a yankin aka ƙera su ba. Kamfanin Dovo, wanda aka kafa a can a 1906, sabuwar askarsa kan kai Yuro 100 ko fiye, don haka duk wanda ya ce zai ba ka ita haɗe da sauran kaya a kan kuɗin da bai kai rubu'in wannan ba, to da walakin goro a miya. Buga suna a jikin ƙarfe ba wuya ba ne, ingancin ƙarfen shi ne abin dubawa.

Mun kai askar wurin wani dattijon wanzami a unguwarmu, ya wasa ta, ya gwada ta a gashin hannunsa, kafin ya gama gefe ɗaya bakinta ya riga ya dakushe. Dalili kuwa shi ne ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba, kuma irin wannan ƙarfe mai laushi ba ya riƙe kaifi komai yawan wasawa. Haɗarin ya fi yawa ga mai koyo, domin aska marar kaifi tana fizgar gashi, sai mutum ya ƙara danna ta a fata yana zaton hannunsa ne bai faɗa ba, daga nan sai yanka da ƙuraje. Fatar da aka haɗo roba ce da aka yi wa fenti, dutsen kuma mai kaushi ne na wasa wuƙar girki, alhali askar fuska na buƙatar dutse mai laushi, mai lamba 8000 ko sama a ma'aunin laushin dutsen wasawa, wajen kammala kaifinta.

Da aka nemi mai tallar ya mayar da kuɗin, sai ya toshe lambar ƙanena, bayan 'yan kwanaki kuma muka ga hotunan nan a wani shafi mai sabon suna.

Wanda ke son farawa ya nemi aska mai ɗaukar rabin reza, wadda ake samu a kasuwa da araha, ya canza reza duk aski, kada kuma ya yi tarayya da kowa a kanta saboda cutar hanta da ke yaɗuwa ta jini. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasidi da saƙonnin da suka yi, ya sanar da bankinsa cikin gaggawa, sannan ya shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, wato FCCPC.