Gyaran Hanci a Istanbul: Rahoto ga 'Yan Uwa na Gida

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki. Tun da na kama aikin tafinta ga marasa lafiyar da ke zuwa Istanbul daga ƙasashenmu, tambayoyi ba su yanke mini daga gida ba, kuma idan aka cire na ciwon ƙoda da na neman haihuwa, babu wadda ta kai ta gyaran hanci yawa. Galibi a asirce ake yin ta, mai tambaya ta ce wai wata ƙawarta ce ke son sani. Na ga ya fi dacewa in amsa wa kowa a wuri ɗaya.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne, a nan wannan aiki ba abin ɓoyewa ba ne. A dandalin Taksim da titin Istiklal za ka ga samari da 'yan mata, Turkawa da Larabawa da Turawa, da farar filasta manne a karan hanci, ƙasan idanunsu ya yi shuɗi saboda taruwar jini, suna shan shayinsu babu mai waiwayensu. Dakunan likitocin sun fi yawa a unguwannin Shishli da Nishantashi. Tsarin hidimarsu kuwa, gaskiya, ya yi wa namu nisa: kuɗi ɗaya za ka biya, a ciki har da motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi, da ɗakin otal, da tafinta, da gwaje-gwajen jini, da kwana ɗaya a asibiti. Ba a aiken ɗan jinya kasuwa sayo safar hannu ko ruwan ƙari, ba a kuma ɗage tiyata saboda an ɗauke wuta. Farashin bai kai na Ingila ko Amurka ba, musamman da darajar kuɗinsu, lira, ta faɗi, amma da dala ko yuro ake yi wa baƙo lissafi, don haka ga mai riƙe da naira nauyin ba ƙarami ba ne.

Sai dai kyawun hidima daban, dacewar aikin da fuskar mutum daban, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. Tiyatar gyaran hanci ta zamani a hannun likitocin Turai da Amurka ta girma, irin su Jacques Joseph na birnin Berlin, wanda ya fara nasa aikin gyaran hancin a 1898, kuma hancin da suka saba da shi dogo ne mai tudu a tsakiya, mai siririyar fata. Yawancin Turkawa da Iraniyawa da Larabawan da ke zuwa ma wannan ce buƙatarsu: a kankare tudun, a matse ƙashin, a ɗan ɗaga tsinin. Aikinsu na ragewa ne. Mu kuwa, ban da masu siririn hanci irin na wasu Fulani da Buzaye, akasarinmu karan hancinmu a kwance yake, ƙashinsa gajere, guringuntsin tsinin mai laushi, fatar da ta lulluɓe shi mai kauri da maiƙo, ƙofofin kuma masu faɗi. Irin wannan hanci gini yake buƙata. Likita zai ɗebo guringuntsi daga shamakin da ya raba ƙofofin hanci biyu, idan bai isa ba, kuma a wajen mutanenmu sau da yawa ba ya isa, sai ya ɗebo daga kunne ko daga haƙarƙari, ya sassaƙa shi, ya kafa ginshiƙin da zai tallafi tsinin. Wanda aka ɗebar wa daga haƙarƙari zai tashi da rauni na biyu a ƙirji, kuma na ji da yawa suna cewa zafin wurin ya fi na hancin a kwanakin farko, har tari ma sai an dafe.

Likitan da hannunsa ya saba da ragewa, idan ya yi wa hancinmu irin wannan aiki, fatar mai kauri ba za ta bi sabon tsarin ta kwanta ba, tsinin zai dunƙule, wani lokaci ma numfashi ya yi wuya saboda an matse ƙofofin fiye da kima. Na ga wata baiwar Allah daga Afirka ta Yamma da ta zo neman gyaran aikin da aka yi mata a wani wuri: an yanke gefen ƙofofin hancinta sosai, ɗaya ta fi ɗaya ƙanƙanta, tabon ya yi duhu a inda hanci ya haɗu da kunci, kuma duk jan numfashin da ta yi sai gefen hancin ya lotsa ciki. Naman da aka yanke daga wannan wuri mayar da shi yana da matuƙar wahala. Wannan ne ya sa nake gaya wa duk mai niyya cewa kada hotunan Instagram su ruɗe ta. Ta nemi likita ya nuna mata hotunan baƙaƙen fata da ya yi wa aiki da hannunsa, waɗanda aka ɗauka bayan shekara guda, domin filasta a mako ɗaya ake cirewa, amma kumburin tsinin hanci mai kaurin fata yakan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya sauka gaba ɗaya. Hoton ranar tiyata ba shaida ba ne.

A Koriya ta Kudu, inda su ma ɗaga karan hanci ake nema, sun fi amfani da robar silikon a maimakon guringuntsi. Aikin ya fi sauri, babu rauni na biyu, amma robar na iya gocewa ko ta jawo ƙwayoyin cuta bayan shekaru.

Akwai abubuwan da suka shafe mu musamman. Duk mai cutar sikila ya faɗa wa likita tun kafin ya sayi tikiti, domin maganin sa barci na sa'o'i biyu zuwa huɗu ba wasa ba ne ga mai wannan jini, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne zai tuna ya tambaya ba. Haka wanda tabo ke kumburo masa ya yi tudu, kamar yadda ake gani a kunnen wasu mata bayan huji. A bincika ko asibitin na da takardar izinin karɓar marasa lafiya daga waje, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Turkiyya ta wajabta tun 2017, a kuma tabbatar likitan ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki ko ta kunne da hanci da maƙogwaro, sannan shi ɗin ne zai riƙe wuƙar. Dillalai sun yi yawa a wannan harka, kuma wanda yake amsa maka saƙo a WhatsApp da fara'a galibi ɗan kamasho ne. Babban raunin tsarin nan shi ne abin da ke biyo bayan komawa gida: bayan kwana bakwai ko goma mutum ya hau jirgi, idan matsala ta taso a Kano ko Maraɗi, likitan da ya yi aikin sai dai ya duba ta waya. Ta wannan fuska gida ya fi, ga wanda ya dace da ƙwararre, domin likitansa na kusa.

Ƙwararrun namu kaɗan ne, kuma aikin da ke gabansu ya fi na kwalliya nauyi: ƙunar wuta, hatsarin mota, yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe. A Sakkwato akwai asibitin cutar noma, wadda ke cinye naman baki da hancin ƙananan yara, an buɗe shi a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014. A can ana sake gina hanci daga fatar goshi ko ta wani sashen jiki, kyauta. Malamai ma sun bambanta waɗannan ayyuka biyu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da za ta gyara nakasa ko ta dawo da aikin wata gaɓa, ta kuma hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta kawai saboda kwaikwayon wasu. Wanda shamakin hancinsa ya karkace har numfashi ke yi masa wuya, ko wanda hancinsa ya karye, ya fara zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa da shi, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, domin gyaran shamaki aiki ne da likitocinmu ke yi, da kuɗin da bai kai na tikitin jirgin Istanbul ba.